Aku Bai Mutu a 1982 Ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin malaman Hausa na sakandare, kwanan baya ma na sake jin ta daga wani dattijo a Gaya wanda ya tsufa yana koyar da adabi. In ka ce masa ya zaɓi littafi ɗaya daga kowace shekara goma tun da aka fara ƙagaggen labari da boko, zai taso daga 1934 da ƙarfinsa, ya ratso har 1982, sai ya ajiye alƙalami. A wurinsa duk abin da ya biyo baya haja ce kawai, irin wadda ake kasawa a Sabon Gari kusa da turare da man shafawa. Ni lissafina bai tsaya nan ba, kuma ba tausayin marubutan kasuwa ne ya hana shi tsayawa ba. Ma'aunin da ya sa Malam ya ɗauki Magana Jari Ce, shi ne zai tilasta masa ɗaukar littafin Balaraba Ramat Yakubu in dai zai yi adalci.

Tarihin kowa ya san shi, ba sai an daɗe a kansa ba. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasa, aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East ɗin. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, NORLA ta yi zamaninta a shekarun 1950 lokacin Yaƙi da Jahilci, kamfanin ɗab'i na NNPC ya zo a 1966. Sai gasar da ta haifi littattafan 1980, da ta Gwamnatin Tarayya da ta haifi na 1982. Wanda ya dubi wannan jeri zai ga adabinmu na zube bai taɓa tafiya goma-goma ba. Tafiyarsa ta bin gasa ce da injin ɗab'i: in hukuma ta buga ganga a rubuta, in ta yi shiru alƙaluma su bushe. Don haka rabon littattafai shekara goma-goma wasa ne kawai. Amma wasa ne mai tona asirin mai zaɓe, shi ya sa na yarda na shiga.

A shekarun 1930 Malam ya ɗauki Shaihu Umar a matsayin na biyu, saboda nutsuwarsa da tausayin uwar da ta bi ɗanta har ƙetaren Sahara. Ban musa ba, littafi ne mai kamun kai. Sai dai a na ɗaya mun haɗu, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939. Inda muka rabu shi ne dalili. Shi yana yabon Hausar Imam da karin maganarsa da darussan da ke ƙarshen kowane labari. Ni abin da nake yabo shi ne aikin da aka ba aku a littafi na ɗaya.

A tuna yadda aka ɗaura zancen. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, ya tafi da jikansa Mahmudu, ya bar ɗansa Musa a gida a hannun aku. Waziri na neman sarauta, ya haɗa baki da abokan gaba, yana so a yaudari Musa ya fito daga fada a hallaka shi. Kowane dare Musa ya yi shirin bin Mahmudu, ya zo sallama da aku, shi kuwa aku ba shi da takobi, ba shi da ikon ɗaure ɗan sarki. Abin da yake da shi baki ne. Ba ya cewa kada ka tafi, don ya san saurayi in an hana shi sai ya ƙara ƙaimi. Yakan nuna kamar ya yarda, sai ya jefa sunan wani mutum ko wani karin magana a cikin sallamar, irin jifar da ba ta barin mai sauraro ya wuce sai ya tambaya. Musa da bakinsa yake neman labarin. Da ya tambaya kuwa ya shiga tarko, ba zai farga ba sai asuba ta yi, fita ta gagara.

Nan akwai jan rai hawa biyu. Labarin ciki yana buɗewa ya rufe a dare guda, mai karatu ya sami biyan bukata. Labarin waje kuwa a buɗe yake: gobe Musa zai sake ɗaura ɗamara, Waziri bai daina ƙulli ba, Sarki bai dawo ba. Kowane labarin ciki yana da aiki a wuyansa, wato ya kai asuba. In ya gajarta, ɗan sarki ya mutu. In ya yi lami, ɗan sarki ya tashi ya tafi, ya mutu. Saboda haka duk wata kwana-kwana da aku yake yi, duk wani tsayawa a bayyana kayan da wani ya sa ko gardamar da aka yi a fada, ba ɓata lokaci ba ne, cinye dare ne, kuma cinye daren shi ne ceton rai. Masu cewa Imam ya ɗauko wannan tsari daga Dare Dubu da Ɗaya sun faɗi rabin gaskiya. Shaharzad katse labari take a tsakiya in gari ya waye don ta tsira da wuyanta. Aku ba ya katsewa, miƙewa yake har garin ya waye don wani ya tsira. Tsarin akun ma ya fi kusa da tsofaffin labaran aku na Indiya da Farisa. Dabara biyu ke nan, katsewa da miƙewa, kuma a kansu ƙagaggen labarin Hausa ya rayu har yau. Ko a Ruwan Bagaja akwai ɗanɗanon haka, domin Alhaji Imam zaune yake yana ba Koje Sarkin Labari tarihinsa, kuma duk inda aka rabu da Malam Zurƙe mai karatu ya san za a sake gamuwa, abin da bai sani ba shi ne wa zai rama a kan wa.

Tunda an ambaci ɗauko, gara a kashe wannan magana tun yanzu. Babban laifin da ake ɗora wa marubutan Kano shi ne sun sha fina-finan Indiya. To Imam fa? Ya sha daga Larabawa, ya sha daga tatsuniyoyin Jamus, labarin Kalala da Kalalatu ma can aka samo tushensa, kuma ba wanda ya ce ba Hausa ba ne. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa jarumin Rasha ne aka naɗa wa rawani. In aro laifi ne, to tun daga 1934 ya kamata a fara kamu.

Shekarun 1940 yaƙin duniya ya cinye takarda, ƙagaggen labari ya yi ƙaranci. Na ɗauki Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwan Imam Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, don ba ni da wani da ya fi shi. A shekarun 1950 Iliya ne, duk da na fi son waƙoƙin Mu'azu Haɗeja da wasannin Shu'aibu Maƙarfi a kan zuben wannan zamani gaba ɗaya. Shekarun 1960, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, shekarar da Amurka ta sauke mutum a wata, shi kuma ya ɗauki yaron Bahaushe ya kai shi sararin samaniya. Na ɗauke shi don ƙarfin hali, ba don ya iya riƙe mai sauraro ba. A shekarun 1970 Malam ya ce Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, na ce na ji, ban ƙi ba. Littafi ne mai kyakkyawar niyya a kan barin ƙauye zuwa birni, sai dai tun daga sunansa ka san wa'azin da za a yi maka, kuma an yi shi. Shekara talatin ɗin nan, daga 1950 zuwa 1979, adabin aji ne, hukuma ta buga, malami ya karantar, ɗalibi ya haddace don jarrabawa. Aku yana raye, amma a keji.

Shekarun 1980 su ne na gardama. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980 tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Malam yana karɓar waɗannan saboda NNPC ce ta buga, alhali biyun farko soyayya ce tsantsa, Boɗaɗo 'yar Fulani da Yasir ɗinta ba su da bambanci da masoyan da za su cika kasuwa bayan shekara goma sai na tambarin kamfani. A 1982 aka sami Turmin Danya da Tsumangiyar Kan Hanya da Zaɓi Naka da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Zaɓina na wannan zango Ƙarshen Alewa Ƙasa ne na Bature Gagare. Mailoma mugu ne wanda marubucinsa bai ji tsoron barinsa ya yi mugunta ba, kuma littafin ya kawo Maguzawa da bindigogin da suka rage bayan yaƙin basasa cikin adabin da ya saba da fada da zaure. Wanda ya fara shi da dare ya san abin da ya sami Musa.

Daga nan Malam ya rufe littafinsa, daidai lokacin da karatu ya shigo gidajenmu. Tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya. A daidai lokacin kuma yaran da aka zuba a firamare da shirin ilimi kyauta na 1976 sun girma, matan aure kuma suna fita daga azuzuwan Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai marubuta suka kai rubutunsu wurin masu injin buga katin biki da kalanda. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, ƙungiyar Raina Kama ta tattara su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba, abu ya zama ambaliya. Ibrahim Malumfashi ya raɗa masa suna Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya wa adabin, aka yi ta fafatawa a jaridu a shekarun 1990.

Abin da masu wannan fafatawa a birni ba su cika dubawa ba shi ne yadda littafin ke rayuwa in ya ƙetare gadar Wudil. A Gaya da Ajingi, da garuruwa irin su Kademi da Toranke da Balare, ba a sayen littafi don a jera a kanta. Wani ya shiga Kano ya dawo da shi, ko a samo a kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko a karɓo haya. Kwafi ɗaya sai ya zaga unguwa har bangonsa ya fita. Kuma mafi yawan waɗanda suka san labarin ba su taɓa karanta shi da idonsu ba. Yarinya ɗaya mai boko ce za ta zauna bayan sallar isha, ko da hantsi ana sussukar gero ko ɓarar gyaɗa, tana karantawa, kishiyoyi da surukai da 'yan mata suna ji, ana tsoma baki, ana tsine wa mugu, ana cewa maimaita wurin nan. Littafin da ya kasa riƙe wannan zama, a rana ɗaya ake mayar da shi. Wannan hukunci ya fi na kowane kwamitin gasa tsanani, don ba a duba sunan marubuci, ba a kuma jin kunyarsa.

Da wannan kunne na zaɓi littafin shekarun 1990, kuma zaɓin bai zo da sauƙi ba. In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino shi ya fi kowane tashe. Har yau in ka ambaci Sumayya da rijiya a gaban matar da ta yi 'yanmatanci a lokacin, ba sai ka ƙara bayani ba. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma, mai Allura Cikin Ruwa, ita ce gwanar miƙewa: za ta tsaya a kan girki da kwalliya da yadda mace ke tarbar miji har shafuka su tafi. Masu suka suna kiran wannan ciko. Wani lokaci cikon ne, musamman a hannun masu kwaikwayonta da suka gane cewa littafi uku ya fi ɗaya kawo kuɗi. Amma a hannun gwanaye aikin aku ne. Mai sauraro ta san akwai kishiya a hanya ko akwai asirin da zai tonu, kuma kowane shafi na shimfiɗa da turaren wuta ƙara mata zaƙuwa yake. Katsewar da ake yi a ƙarshen littafi na ɗaya, daidai inda aka buɗe ƙofa ko aka miƙa takardar saki, ita ce ta Shaharzad. An ce dabarar ciniki ce. Ita ma Shaharzad ai ciniki take, da ranta.

Duk da haka Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, na 1990, shi na ɗauka, saboda ta yi da dabarar abin da Imam bai yi ba. Sunan littafin ya riga ya gaya maka ƙarshe: wanda ya yi zalunci zai gani. Saboda haka ba a jan ranka da me zai faru, ana jan sa da yaushe. Alhaji Abdu ya auro Delu daga bariki, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara. Marubucin da bai kai ba, nan take zai saukar da azaba. Balaraba sai ta ƙi. Ta zaunar da kai wurin Rabi, kana kallon yadda ake dafa abincin sayarwa, yadda ake haɗa kuɗin makaranta, yadda ake neman wa Saudatu kayan ɗaki. Wannan miƙewa ce, amma ba ta kwalliya ba, ta lissafin kwabo ce, kuma duk matar da ke zaune a tsakar gida a Ajingi ta san lissafin nan da hannunta. Kana cikin jiran alhaki, ba ka ankara ba an nuna maka cewa matar da aka kora ta fi samun kanta a waje fiye da lokacin da take ƙarƙashin miji. Sannan gobarar kasuwa ta zo, dukiyar Alhaji ta ƙone, Delu ta nuna halinta. Mai sauraro ta gyara zama za ta sha daɗin ramuwa, sai mazan dangi suka taru a kan Rabi ta koma ta ɗauki mutumin da ya wulaƙanta ta. Alhakin ya bi ubangidansa, gaskiya ne, amma wadda aka zalunta ita aka ba jinyar. A Magana Jari Ce in asuba ta yi an tsira. A nan asubar ta yi, ba a tsira ba, kuma zaman da aka karanta littafin ba ya watsewa da shiru, da gardama yake watsewa. A nuna mini littafi ɗaya daga cikin na 1950 zuwa 1979 da ya yi wannan.

Ba banza ba ne wannan littafi ya zama wanda wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi a 2012, fassarar Aliyu Kamal. Amma ban kafa hujja da wannan ba. Matan Gaya sun yanke hukuncinsu shekara ashirin kafin nan. Ita kuwa marubuciyar an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma karatun manya, kuma littafinta Wa Zai Auri Jahila? ya nuna ba ta manta ba.

Shekarun 2000 fim ya janye marubuta da yawa, hukuma kuma ta taso. A 2007 aka ƙona littattafai a Kano a zamanin shirin A Daidaita Sahu, Hukumar Tace Fina-finai ta ce marubuta ma su zo a tace su. A wannan zango ina tsakanin 'Yartsana na Ibrahim Sheme, wanda ya ci gasar Ƙaraye, da Mace Mutum na Rahma Abdulmajid. Na ba 'Yartsana, don ya shiga gidan karuwai ya zauna ya saurara maimakon ya tsaya a ƙofa yana jifa. Malam da kansa ya yarda wannan adabi ne, wai don marubucin ɗan jarida ne mai digiri. Wato ashe ba littafi ake aunawa ba, takardar shaidar mai shi ake dubawa.

Daga 2010 zuwa yau ba zan ɗauki littafi ɗaya ba, don takarda ta ja baya, labari ya koma waya. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 Aisha Muhammad Sabitu ta ci da Sansani, ta fito da gajeren labari na mata fili, abin a yaba. Amma dogon labarin da ake bi yanzu kashi-kashi yake zuwa ta WhatsApp, ko a saurare shi a rediyo, ko a tura muryar mai karantawa a katin waya a wurin masu caji. Akwai shara a ciki mai yawa, har da batsar da ba na karewa. Abin lura shi ne, da aka cire takarda daga tsakani, labarin ya koma inda ya fito, baki da kunne, kowane kashi yana tsayawa inda zai hana ka barci.

Wannan ne ra'ayin da na daɗe a kansa: ƙagaggen labarin Hausa na kunne ne, boko aro aka ba shi ya zauna a ciki. Shaihu Umar ɗalibansa yake ba labari a zaune, Alhaji Imam Koje yake ba, aku Musa yake ba. Iyayen adabin da Malam yake girmamawa duk sun sa mai sauraro a cikin littafin don sun san da wa suke magana. Marubutan da ya ƙi ba su bukaci sa shi a ciki ba, yana zaune a tsakar gida yana jira. Manazarcin da ya karanta Bilkisu Funtuwa shi kaɗai a ofis da jan biro, yana farautar kuskuren ƙa'idar rubutu, zai same su da yawa, amma bai ji littafin ba.

Littattafan 1985 zuwa 2005 a takarda mai araha aka buga su, yawancinsu ba a sake bugawa ba, gara da damina suna cin abin da ya rage a ƙarƙashin gadaje da cikin tsofaffin akwatunan aure. Ina roƙon malaman Hausa na makarantun Gaya da Ajingi su sa ɗalibai su tambayi iyayensu mata abin da ya saura, a tattara a ɗakin karatu na makaranta, a rubuta sunan marubuci da shekara a jikin kowanne tun ana iya ganewa. Shi kuma Malam, kafin ya sake cewa adabi ya tsaya a 1982, ya sa a karanta wa 'yan ajinsa babi ɗaya na Alhaki Kuykuyo Ne da babbar murya, ya tsayar da mai karatun a tsakiya, ya ga ko za su bar shi ya fita.